Gonar gado ta raba ni da yayana, wa zan kai wa kuka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim. Shekara 6 ke nan da rasuwar mahaifinmu. Ya bar mata biyu da 'ya'ya biyar: ni da ƙannena mata biyu a ɗakin amarya, sai yayanmu da ƙanwarsa a ɗakin uwargida. Ba a raba gado ba. Gonaki uku duk suna hannun Yaya, da kaka ya aiko mana da abin da ya ga dama. Da na yi magana sai gida ya rikice. Yau shekara biyu ba ma gaisawa, iyayenmu mata ma haka, har an ja danga a tsakar gida. An yi zama sau biyu, an tashi baram-baram. Wa zan kai wa kuka, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Irin wannan magana na shafe shekaru ina rubuta ta lokacin da nake magatakarda a kotunan shari'a na karkara, kuma har yau da na ajiye aiki ita aka fi kirana a kanta a zauren dagacinmu. Saboda haka zan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Ciwo biyu ne a gidanku, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai haƙƙi, wato gona da hatsi, wanda lissafi da shaidu da takarda ke warwarewa. Akwai kuma ɓacin zuciya, wanda ba alƙalin da ke iya yanke masa hukunci. Ban halarci zamanku ba, amma na san yadda irinsa ke gudana. A tara kowa a zaure bayan isha'i, dattijo ya yi nasiha a kan zumunci, a ce ƙarami ya ba babba haƙuri, a shafa fatiha, a watse, ba wanda ya ambaci yawan gonakin balle wanda zai nome su baɗi. Haƙurin da aka ɗora a kan haƙƙin da ba a fayyace ba, iyakarsa kaka mai zuwa. Ko kuma akasin haka ya faru: aka fara da maganar gona alhali kowa cikinsa cike yake, kafin a kai ga lissafi an tono abin da uwar wani ta faɗa wa uwar wani shekara ashirin da suka wuce.

To wa za ka nema? Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya tafi wurin wanda zai tausaya masa. Kai a yanzu zuciyarka za ta kai ka wurin kawunka, ɗan'uwan mahaifiyarka, domin shi zai ce an cuce ku. Amma ranar da kawunka ya buɗe baki a wurin zama, Yaya zai ji cewa dangin kishiyar uwarsa ne suka taso masa, kuma daga nan kunnensa ya toshe. Mutumin da kake buƙata shi ne wanda Yaya ke jin kunyarsa, wanda in ya aika kiransa ba zai iya cewa yana da uzuri ba. Zauna ka yi tunani. Wataƙila baffanku ne, in dai ba shi da ido a kan gonakin kuma bai riga ya ɗauki ɓangare ba. Wataƙila aminin mahaifinku ne da suka yi fatauci ko ci-rani tare, ko malamin da Yaya ya yi karatun allo a gabansa, ko surukinsa. Kada kuma ka raina gwaggo. Na sha ganin inda maza suka gaza, 'yar'uwar mamaci ta zo daga garin aurenta ta kwana biyu a gidan, ta shiga wannan ɗaki ta shiga wancan, abin ya lafa. Ita tana iya yi wa Yaya faɗa da bakin ubansa, kuma tana iya zama a kan tabarma ɗaya da iyayenku mata, abin da limami ba zai yi ba.

Idan ka same shi, ka je kai kaɗai, ba da rakiya ba. Kada ka ce ka kawo ƙarar Yaya. Ka ce masa, "Baffa, gidan ɗan'uwanka na neman rushewa, ni kuma ina cikin masu laifi, na zo ka taimake mu." Ka faɗi naka kuskuren da bakinka kafin wani ya faɗa maka, domin ba a shekara biyu ana gaba a ce mutum ɗaya ne kawai ya yi furucin da bai dace ba. Sannan ka roƙe shi abu guda: kada ya tara ku tukuna. Ya fara jin kowa shi kaɗai. Wannan shi ne sirrin aikin. Abin da mutum zai faɗa a gaban ƙaninsa daban, abin da zai faɗa in an keɓe da shi a gindin bishiya daban.

Bari in ba ka misali da abin da na gani. Wasu 'yan uba sun daɗe suna ja-in-ja a kan wata fadama. Da muka keɓe da babban, bai yi maganar fadama ba sam. Sai ya ce lokacin jinyar mahaifinsu shi ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ya yi wata da watanni yana kwana a barandar asibiti, kuma har aka yi sadakar arba'in ba wanda ya ce masa sannu. Yana faɗa yana share hawaye da bakin rigarsa. Da aka dawo zama, ƙaramin ya miƙe ya yi masa godiya a gaban dangi, ya ce bai san shanun sun tafi a nan ba. Rabon da ya gagara shekaru aka gama shi a yini biyu. Ina kyautata zaton Yayanku ma yana da irin wannan ƙullin. Shi ya sayi taki shekara shida, wataƙila shi ya biya bashin mahaifinku, wataƙila da guminsa aka yi wa wata ƙanwarku kayan ɗaki. A idonsa shi ne ya riƙe gida, sai ga yaron da ya goya yana kiransa macuci. Wannan bai halatta masa riƙe rabonku ba, ko kaɗan. Amma in ba a saurari wannan ba, ba zai saurari lissafi ba.

Iyayenku mata kuma dole a ji su, ba ta bakin 'ya'yansu ba. Sau da yawa wutar da ke ci a zaure daga tsakar gida ake hura ta, kuma su ma magada ne masu rabo na kansu. Haka ƙannenka. A tura musu gwaggo ko wata malamar Islamiyya da suke girmamawa, kuma ranar rabo kowace ta zo da kanta ko ta naɗa wakilin da ita ta zaɓa.

Yanzu ga haƙƙi. A nan dattako kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, ba kowane mai wa'azi ba. Allah bai bar wannan rabo a hannun dattawan gari ba, shi ya yanka shi da kansa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Kafin rabo ana fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. A nan ne maganar kashe-kashen Yaya ke shiga. Abin da ya kashe a kan mahaifinku da niyyar rance, in ya tabbata, bashi ne a kan mamaci, a cire masa kafin komai. Abin da ya yi don biyayya ladansa na wurin Allah, amma a ambace shi a bainar jama'a. A kuma ware abin da ba na mamaci ba: awakin matansa, ragowar sadakin da bai biya ba, ko gonar da ɗayarsu ta gada a gidansu shi yake noma mata.

Idan lokacin rasuwarsa iyayensa duka ba su da rai, kuma ba wani magaji sai ku bakwai da ka lissafa, rabonku mai sauƙi ne. A kasa dukiyar kashi 16. Matan biyu suna tarayya a tumuni, wato kashi 2, kowace ɗaya. Kai 4, Yaya 4, kowace mace cikin ukun 2. Ka lura da abin da wannan ke nufi: ɗakinku ya tashi da 9, ɗakin uwargida da 7. Na faɗi haka ne domin akwai wani rabo da ake yi a ƙauyuka don a huta, a ce ɗaki biyu ne, a raba biyu. Wannan ba rabon Allah ba ne, kuma galibi mata ake danne wa a cikinsa. In kuwa kakarku ko kakanku na wajen uba na raye ranar da ya rasu, kowannensu na da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, lissafin ya canza, ko da sun rasu daga baya.

Akwai maganar da nake jiran ta fito a zamanku, domin kusan kullum tana fitowa: "Wannan gonar ai Baba ya ba ni tun yana da rai." A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya mallake ta kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali ko ya rasu. In uba ya ce ya ba da, amma ya ci gaba da nomanta yana zuba hatsin a rumbunsa har ya koma ga Allah, gonar ta koma gado. Kuma a bambanta kyauta da gayauna. Uba ya yanka wa ɗansa gayauna ya riƙa nomawa bayan an tashi daga gandu, wannan a mafi yawan gidaje aro ne. Shaidu ne za su fayyace, musamman maƙwabtan gona da tsofaffin da suka san iyakoki. Shi ya sa jinkiri ke da haɗari: masu shaida na mutuwa. Sannan in ɗaya daga cikinku ya rasu kafin rabo, nasa magadan su shigo, gado ya hau kan gado, mutum bakwai su zama ashirin. Riƙon shekara 6 bai mayar da gonakin na Yaya ba, tsakanin 'yan'uwa malamai sun tsawaita wa'adin riƙo ƙwarai. Amma in ka ji an sayar wa bare ko an jinginar da wani yanki, kada ka yi shiru ko na wata ɗaya, ka sanar da dagaci da shaidu cewa ba ka yarda ba, domin shirun mai gani na iya cinye haƙƙinsa.

Sauran aikin na masu sanin ƙasa ne. Gona ba da faɗi kaɗai ake auna ta ba. Ƙaramar fadama da ake noman rani na iya fin jigawa mai faɗi daraja, gonar bakin gari da ke shan taki ba ɗaya take da ta daji ba, kuma itatuwa irin su ɗorawa da kuka da mangwaro duk kuɗi ne. A samo manoma biyu ko uku amintattu da ba su da dangantaka da ku su yi wa kowace gona kima. In wata ba ta rabuwa ba tare da ta lalace ba, wani ya ɗauka ya biya sauran, kuma ɗan'uwan tarayya ya fi bare cancantar saye. Lokacin wannan aiki kuma rani ne, bayan an kai amfani gida, kafin a fara kai taki da sharar gona. Kada ka tayar da maganar rabo shuka na ƙasa. Mutumin da ya zuba iri da guminsa ba zai ji komai ba sai cewa ana son a ƙwace masa gero.

Shawarata a kan amfanin shekara shida da suka wuce: kana da ikon nema, amma da ni ne kai, da na yafe nawa kason na baya, na tsaya a kan rabon ƙasa. Bin diddigin dami nawa aka samu a kowace shekara rami ne da ba a cika shi, kuma wannan yafiya ita ce abin da za ka riƙa a hannu ka shiga zama da shi. Sai dai naka kaɗai za ka yafe. Ba ka da ikon yafe na mahaifiyarka ko na ƙannenka, kuma in akwai wadda ba ta balaga ba, ba mai ikon yafe mata ko ƙwaya. Ka kula da wannan sosai, domin an saba a ce wa mata "ku bar wa maza, ai kuna gidan miji", su kuma kunya ta sa su yi shiru. Shirun kunya ba yafiya ba ne. A nuna wa mace rabonta, ta san iyakarsa, sannan in ta ga dama ta ba wanda take so. Hadisi ya ce sulhu halal ne tsakanin Musulmi, sai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Duk abin da aka cimma a rubuta shi a ranar, da boko ko da ajami: sunan kowace gona, maƙwabtanta ta gabas da yamma da kudu da arewa, wanda ya samu, sa hannu ko dangwalen kowane magaji da na shaidu. A je gonar da ƙafa a kafa alama, a dasa gamba ko wani abin da ke daɗewa a kan iyaka. Kowane ɗaki ya riƙe kwafi, dagaci ya riƙe, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Wani zai ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne. Ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Mafi ƙarfi ma shi ne ku kai takardar kotun shari'a ta yankinku, alƙali ya tabbatar da ita ta zama hukunci, yadda jikoki ba za su tayar da ita ba.

To in dattijon gida ya gaza fa? Sai ka hau mataki na gaba, a hankali. Mai unguwa, sannan dagaci, sannan hakimi. Amfaninsu shi ne sun san tarihin kowace gona, kuma kiransu na da nauyi. Ka sanar da Yaya ta bakin baffa kafin ka je, kada ya ji kira kwatsam. Sai dai ka sani masu sarauta sulhu suke yi, ba su da ikon tilasta rabo, kuma in ka ga wanda ake zama a gabansa yana da wata alaƙa ta kusa da ɓangare ɗaya, ba rashin ladabi ba ne ka roƙi a wuce gaba. Akwai kuma Hisba. A Kano an kafa hukumarta da doka tun 2003, a Jigawa ma akwai, kuma sasanta rikicin aure da na iyali na cikin manyan ayyukanta. Suna da ma'aikata mata, abin da kan sa iyaye mata su saki jiki su yi magana. Su ma ba kotu ba ne, in abu ya fi ƙarfinsu can suke turawa.

Kotu ita ce ta ƙarshe, amma kada a tsorata ka da ita. Neman alƙali ya raba gado ba ƙarar ɗan'uwa ba ne, kuma ba yanke zumunci ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowane magaji na da ikon neman a raba, kuma wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Dalilin da ya sa na ajiye ta a ƙarshe shi ne abin da idona ya gani: kuɗin mota, ɗage zama, ranakun aiki da ke salwanta, da kalaman da ake furtawa a gaban alƙali waɗanda ba sa goguwa. Littattafan fiƙihun da alƙalanmu ke aiki da su ma sun ce a kira masu husuma zuwa sulhu in ana tsoron gaba tsakanin dangi, ko da gaskiya ta bayyana. Saboda haka kada ka yi mamaki in alƙali ya ce ku koma gida ku dawo bayan mako biyu.

Wuri biyu ne nake roƙonka kada ka je. Kada ka kai maganar gona ofishin 'yan sanda. Ba hurumin su ba ne, kuma ɗan'uwan da ka sa ya kwana a kulle, shi da 'ya'yansa ba za su manta ba. Amma in abin ya kai ga duka, ko an zare makami, ko ana barazana ga ran wani, wannan ya wuce maganar gida, a sanar da dagaci da hukuma a ranar, kuma a raba wurin kwana kafin a ci gaba da kowane sulhu. Na biyu, kada ka je wurin mai duba. Zai ce maka uwargida ce ta yi muku asiri, ka dawo da ƙiyayyar da ta fi wadda ka tafi da ita. Ka kuma kiyayi masu kawo maka labarin abin da aka ce a ɗakin can. Duk mai kawo maka, yana kai naka.

Akwai abin da ba sai ka jira kowa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Gaisuwa ba ta rage maka ko taku ɗaya a gona. Kai ne ƙarami, a al'adarmu ma kai ya kamata ka fara. Gobe da safe ka zagaya bayan dangar nan ka durƙusa ka gaida uwargida, matar ubanka ce. Mai yiwuwa ta kau da kai, ka koma jibi. In ka haɗu da Yaya a masallaci ka miƙa masa hannu, kada ka haɗa da maganar gona ko da kalma ɗaya. Ka faɗa wa mahaifiyarka tun da dare abin da za ka yi da dalilinsa, don kada ta ji a bakin wani ta ɗauka ka juya mata baya. Ka kuma roƙe ta ta bar yaran gidan su ci gaba da shiga ɗakunan juna. Bayan mako guda ana haka, sai ka shirya ka tafi wurin baffa, ko wanda ka ga Yaya ya fi jin nauyinsa, tun rani bai yi nisa ba.